Ƙwaya ta kori masu kuɗi daga tseren keke

A ƙasar Faransa ana yin wani babban tseren keke kowace shekara, cikin watan Yuli. Sunansa Zagayen Faransa. An fara shi tun 1903. Mahaya suna yin sati 3 bisa hanya, suna cin fiye da kilomita 3.000, har da hawan duwatsu.

Tseren keke sana'a ce. Mahaya suna cikin ƙungiyoyi, kowace ƙungiya da kamfanin da ke ɗaukar nauyinta. Kamfani shi ke biyan albashi, da abinci, da motoci, da likita. Ladarsa ita ce a rubuta sunansa bisa rigar mahayi, duniya ta gani, hajarsa ta samu kasuwa.

To, amma kwaɗayin zama na ɗaya ya sa waɗansu shan ƙwaya. A 1967 wani mahayi ɗan Ingila, Tom Simpson, ya faɗi bisa dutsen Bantu ana cikin tsere, ya rasu. An iske ƙwayar hana gajiya a jikinsa. Daga baya aka shiga yin allurar EPO. Asalinta maganin masu ciwon ƙoda ce da jininsu ya ragu. In mai lafiya ya yi ta, ba ya saurin gajiya, amma jininsa yana kauri, zuciya tana iya tsayawa.

A 1998 ƴan duwan suka kama motar ƙungiyar Festina a kan iyakar Faransa da Beljiyam, cike da irin waɗannan magunguna. Aka kori ƙungiyar daga tseren.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Lance Armstrong, ɗan Amurka, ya ci Zagayen Faransa sau 7, daga 1999 zuwa 2005. A 2012 bincike ya tona asirinsa, aka ƙwace nasarorin duka. Kamfanin Nike ya rabu da shi. A 2013 ya amsa laifinsa da bakinsa.

Kamfani suna yake saye, ba kunya ba. A 2007 kamfanin tarho na Jamus ya janye kuɗinsa. A 2012 bankin Rabobank na Holan, wanda asalinsa asusun manoma ne, shi ma ya janye bayan shekara 17. Ya ci gaba da biyan abin da ya yi alkawari, amma ya ce a cire sunansa daga riga. In ƙungiya ba ta samu wani kamfani ba, sai ta watse. Makanikai da direbobi da mahayan da ba su sha kome ba, duk su rasa abinci. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

A 2019 hukumar tseren keke ta duniya ta hana shan tramol lokacin tsere. Wannan ƙwaya ce dai ake sayarwa a kasuwanninmu, wadda waɗansu samari ke sha don su jure noma. Tana ɓoye gajiya ne kawai, ba ta ƙara ƙarfi. Jiki kuwa ba ya yafe bashi.