Karkashi, Kanwa da Shamfu: Wanne Ke Cin Gashi?

Da wuya a sami zauren mata na WhatsApp da ba a taɓa turo irin saƙon nan ba: wai shamfu na sa ciwon daji, wai da sinadarin wanke injin mota ake yin sa, don haka duk mai son gashinta ta zubar da kwalbar ta koma na gida. A ƙarƙashin saƙon sai haɗe-haɗe su biyo baya. Wata ta ce sabulun salo da zuma, wata ta ce bekin soda sannan a ɗauraye da khal na tuffa, wata kuma ta ce a jefa 'yar kanwa a ruwan wankin don gashi ya yi laushi. Tsadar kaya ta ƙara wa maganar ƙarfi. Kwalbar shamfu mai kyau yanzu sai an yi shawara da aljihu, alhali kuɗin karkashin da zai wanke kan mace bai taka kara ya karya ba.

Hujjar tsada babu mai ja da ita. Ta ciwon dajin ce ke neman a tsaya a duba.

Jita-jitar ta girmi WhatsApp nesa ba kusa ba. Tun wajajen 1998 ta fara yawo ta imel a Amurka, tana ɗora laifi a kan sodium lauryl sulfate, wanda ake taƙaitawa da SLS, sinadarin da ke sa shamfu da man goge baki kumfa. Ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka ta ƙaryata zancen, kuma hukumar binciken cutar ta duniya, IARC, ba ta sa shi cikin jerin abubuwan da ke haddasa ta ba. Laifinsa da aka tabbatar shi ne ƙarfin wanki: yana kwashe maiƙo fiye da kima, ya busar da fata, ya sa wasu ƙaiƙayi. Akwai dai wani gurɓataccen abu, 1,4-dioxane, da kan saura cikin SLES, ɗan'uwan SLS, wajen sarrafawa, kuma shi masana na yi masa kallon zargi. Shi ya sa jihar New York ta kafa doka cewa daga ƙarshen 2023 kada ya wuce kashi 1 cikin miliyan a kayan wanke jiki da gashi.

Yayin ƙaurace wa shamfu shi ma daga can ya taso. A 2001 wata mai gyaran gashi 'yar Ingila da ke zaune a New York, Lorraine Massey, ta fitar da littafinta Curly Girl, inda ta shawarci masu nannaɗaɗɗen gashi su bar shamfu mai ƙarfi. Daga baya wasu suka zarce da abin, suka ce a bar komai na kwalba, a koma bekin soda da khal. Yawancin masu wannan kira mutane ne da suka saba wanke kai kullum ko bayan kwana ɗaya, gashinsu a miƙe, man da fatar kai ke fitarwa yana gangarawa har ƙarshen sili. Kukansu maiƙo ne. Bahaushiya kukanta bushewa da karyewa: gashinta a murɗe yake, man ba ya iya bin lanƙwasar ya sauka, kitso yana yin sati biyu ko uku a ƙarƙashin ɗankwali, ga hunturu na jira a waje. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka tana ba masu irin gashinmu shawarar wanki sau ɗaya a mako ko a mako biyu, abin da iyaye mata ke yi tun ba a san sunan ƙungiyar ba. Batun cewa in an daina shamfu fatar kai za ta koyi rage mai da kanta kuwa, sinadaran homon na jiki ne ke juya wannan famfo, kuma ba sa tambayar da me aka yi wanki.

Abin da ya fi ban takaici a cikin muhawarar shi ne ɗaukar cewa duk abin da ya fito daga madafa lafiyayye ne, tunda “ba kemikal a ciki”. Kanwa kemikal ce, mai ƙarfi ma. Kowace mai girki ta san kanwa ta kar tsami, kuma a kan wannan gaba masana suka gina ma'aunin da suke kira pH. Yana tashi daga 0 zuwa 14. Ruwa mai tsabta na zaune a 7, ƙasa da haka ɓangaren tsami ne, sama da haka ɓangaren kanwa. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne na wanda ke bayansa. Fatar kai tana wajen 5.5, silin gashi ya fi ta tsami ma. Bekin soda a ruwa ya haura 8. Sabulu na gaskiya, har da na salo, yana tsakanin 9 da 10. Ruwan kanwa kan kai 10 ko ya ɗara. Rilaksa mai soda tana 12 zuwa sama. Wato mai zuba kanwa a ruwan wankin kai ta ɗauko ƙanwar rilaksa ce, ko da a zuciyarta gudun kayan Bature take yi.

Kowane silin gashi a lulluɓe yake da ƙananan ɓawo da suka hau kan juna, suna tsare cikinsa. A ruwa mai ɗan tsami ɓawon na kwanciya luf, gashi ya yi santsi da sheƙi. Ruwa mai kanwa-kanwa yana kumbura silin, ɓawon ya ɗaga baki, silin ya riƙa kama ɗan'uwansa, mataji ya zo ya fizge. Majema sun fi kowa sanin aikin ruwan toka a kan gashi: a cikinsa suke tsoma fata ta kwana, gashin ya saki, su kankare shi cikin sauƙi kafin a kai ga bagaruwa. Nasu ya fi ƙarfi kuma ya fi daɗewa, amma aikin iri ɗaya ne, sai dai na kan mace a hankali yake tafiya. Wankin farko da na biyu gashi kan yi laushi har a yi ta yabon haɗin a zaure. Laushin nan na kumburi ne. Bayan 'yan watanni sai a ga ƙarshen gashi ya yi ja, ya tsage, guntaye na zuba a kafaɗa. Ɗauraya da khal ko ruwan lemun tsami na kwantar da ɓawon da ya rage, amma wanda ya ɓalle ya tafi ke nan, domin silin da ya fito daga fata matacce ne, ba ya warkewa.

Wannan bai wanke shamfu tas ba. A 2014 wasu likitocin fata a Brazil sun auna shamfu iri 123, suka tarar ma'auninsu ya tashi daga 3.5 har zuwa 9, kuma kashi 38 cikin ɗari ne kawai suke 5.5 ko ƙasa. Kamfanoni ba sa ma rubuta wannan lamba a jikin kwalba, doka ba ta tilasta musu ba. Duk da haka akwai dalilin da ya sa aka ƙirƙiro shamfu na zamani a shekarun 1930 bayan an daɗe ana wanke kai da sabulu. Idan sabulu ya haɗu da ruwa mai zartsi, irin na wasu rijiyoyi da burtsatse, kumfarsa mutuwa take yi, ta bar wani farin dafi-dafi da ke manne wa gashi. Mace ta wanke kai da sabulun salo a irin wannan ruwa, ta ji gashin ya yi tauri yana danƙo, sai ta ƙara sabulu, abin ya ƙara lalacewa. Sabulun salon ma ba hannu ɗaya ke yin sa ba. Wani ƙullin tokarsa ta yi yawa har yana yi wa fata zafi, wani kuma man ya rinjaya.

Karkashi daban yake, kuma rashin adalci ne a haɗa shi layi ɗaya da kanwa. Ana zuba cikin tafi na busasshen ganyen a roba, a kwara ruwan zafi, a rufe a bar shi ya huce. Kafin rabin sa'a ruwan ya yi yauƙi, in an ɗago shi da hannu yana zarara. Sai a tace da rariya ko tsohon ɗankwali, don ɓurɓushin ganyen in ya shige gashi fitar da shi aiki ne ja. A zuba a kai, a bi da yatsu daga ƙarshen gashi zuwa tushe, a ga ƙulle-ƙullen da suka gagari mataji suna warwarewa da kansu. Yauƙin nan shi ne amfaninsa: yana rage gogayya, kuma yawancin karyewar gashi irin namu wajen taza take faruwa. Matan Chadi da na Borno sun daɗe a kai, yanzu kuma ana ƙulla shi a leda mai kyau da sunan ambunu ana sayar wa baƙaƙen fata na Amurka da Faransa da dala da yuro. Garin ganyen magarya, wanda Musulmi suka sani a wankan gawa tun daga hadisin Ummu Aɗiyya, shi ma yana ɗauke da sinadarin saponin mai 'yar kumfa, yana wanki ba tare da ya cinye man gashi duka ba.

Iyakarsu ita ce ƙarfinsu kaɗan ne. Kan da aka yi sati uku ana lafta wa basilin ko man shanu, ƙurar hunturu ta hau ta zauna, karkashi ba zai fitar da shi ba. Irin wannan sai an sa masa shamfu mara ƙarfi a fatar kai, karkashin ya biyo baya don taza.

Mafi yawan shari'ar da ake yanke wa shamfu a ranar tsifa ake yanke ta. Mai kitso ta gama tazar kai, ta dunƙule abin da mataji ya tara ta miƙo: “Hajiya, dubi fa. Wane shamfu kike sawa? Ai yana cinye miki gashi.” Lissafin bai da wuya. Mutum mai lafiya yana zubar da sili 50 zuwa 100 kowace rana. Wanda ke cikin kitso ba shi da hanyar faɗuwa, nan yake maƙale, don haka tsifar sati uku za ta iya fito da sili 1,000 zuwa 2,000 lokaci guda. A duba silin: in dogo ne da ɗan farin kai a gindinsa, kwanansa ne ya ƙare, wani na tafe a gurbinsa. In guntaye ne babu farin kai, karyewa ce. Mai jego kuma wata uku zuwa huɗu bayan haihuwa gashi kan zube mata sosai saboda sauyin homon, ya dawo da kansa. Ƙarancin jini shi ma yana zubar da shi.

Goshin da ke ja da baya kuwa, hannun mai kitso ne. A 2007 Farfesa Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta sun duba mazauna unguwar Langa a birnin Cape Town, suka tarar kusan ɗaya cikin mata uku na fama da zubewar gashi ta dalilin ja, kuma abin ya fi muni idan an ɗora ƙarin gashi a kan da aka sa wa rilaksa. A nan ma an san matan da sai sun sha Panadol daren da aka yi musu shuku ko kalaba, ana ce musu kitso ba ya kyau sai ya kama. In ma ciwon daji ake tsoro, wani bincike na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, da aka wallafa a 2022 ya bi mata fiye da 33,000 na kusan shekara 11. Masu amfani da man miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka waɗanda ba sa amfani da shi a kamuwa da dajin mahaifa: kusan kashi 4 cikin ɗari kafin shekara 70, a kan kashi 1.6. Alaƙa binciken ya nuna, bai yanke hukunci ba. Amma saƙonnin da ke tsine wa shamfu ba kasafai suke ambaton rilaksa ba, har ta 'yan yara da ake shafa wa 'yan mata ƙanana ana jibi sallah.

Akwai kuma inda haɗin gida ba shi da ta cewa. Amosanin kai mai tsanani yana da nasaba da wani naman gwari mai suna Malassezia, wanda abincinsa mai ne, don haka lafta man zaitun ciyar da shi ne. Maganinsa shamfu mai ketoconazole ko selenium sulfide. Makeron yara ya fi haka: cutar cikin tushen gashi take shiga, sai an sha magani irin griseofulvin na makonni bisa umarnin likita. Dakakkiyar tafarnuwa da man birki da wasu ke goga wa yaro ƙuna kawai suke ƙara masa, ya tashi da tabon da gashi ba zai sake tsirowa a kai ba.

Saura kasuwar da ta buɗe a tsakani. Instagram da TikTok cike suke da masu sayar da “shamfun gargajiya” a robar da ba sunan abin da ke ciki, ba adireshi, ba ranar lalacewa, ba lambar NAFDAC. Duk haɗin da ke da ruwa da ganye, in babu sinadarin hana ruɓewa, kwanaki kaɗan yake yi a zafin Kano ko Maraɗi kafin ƙwayoyin cuta su mamaye shi. Ruwan karkashi na gida ma ranar da aka jiƙa ya kamata a ƙarar. Doka ta ce kayan kwalliya sai da rajista, kuma akan ga jami'ai a talabijin suna kwashe man bilicin a kasuwa, amma cinikin da ake yi ta waya a kawo a babur kamar ba a ƙasar ake yin sa ba.

Rashin sulfate a kwalba ba takardar shaida ba ce. A Amurka an tallata man wanke gashi na WEN a matsayin mai sauƙi mara sulfate, sai ga koke fiye da 21,000 na zubewar gashi da ƙaiƙayi sun isa hannun kamfanonin da ke yin sa da sayar da shi. A 2016 suka amince su biya dala miliyan 26 da ɗoriya, ba tare da sun amsa laifi ba. Can akwai suna a jikin kwalba da kotun da za a kai shi. A nan wadda fatar kanta ta saɓule sai dai ta tura hoto ta waya, mai kayan ta amsa mata cewa dattin ne ke fita, ta daure ta ci gaba da shafawa.