Zarton da Ya Dace da Jakar Mai Ƙera Ƙananan Samfura

Wanda bai taɓa ƙera ƙaramin samfurin gida ko jirgi ba, zai ɗauka zarto ai zarto ne. Ba haka ba ne. A ma'aunin 1:100, wanda masu zanen gine-gine ke yawan aiki da shi, milimita ɗaya a kan tebur daidai yake da santimita 10 a ainihin gini. Zarton kafinta kuwa yana cinye milimita ɗaya ko fiye a kowace yanka. Ke nan kafin ka ankara ƙofar zaurenka ta yi faɗi, bango ya karkace, kuma babu gam ɗin da zai rufe wannan giɓi a ce ba a gani.

Ni gidajen ƙasa nake ƙerawa, masu zaure da soro da zanko, da katakon balsa mai laushin nan da akasari ake kawowa daga ƙasar Ekwado. Aikin ofis yana yawan fitar da ni daga gari, kuma dare a masauki yana da tsawo. Shi ya sa na damu ƙwarai da abin da zai shiga jaka ya bi ni.

Abin da nake fara dubawa shi ne haƙora. A jikin kwalin zarto ana rubuta yawan haƙoran da ke cikin inci ɗaya. Na kafinta ba kasafai yake wuce 12 ba, amma kamfanin Zona na Amurka yana yin ƙanana masu 32, da 42, har 52. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce aƙalla haƙora uku su hau kan abin da ake yankawa a lokaci guda. Idan ba su kai ba, zarton zai riƙa cijewa yana fizgar katakon har ya tsage shi. Mai haƙora 52, wanda tsagarsa ba ta wuce milimita 0.2 ba, ya dace da siririn bututun tagulla da roba mai tauri, sai dai a balsa mai kauri yakan toshe da gari, ka yi ta ja ba ya ci. Idan ɗaya kawai za ka saya, ɗauki mai 42. Yana yanka katako da roba, kuma ba ya jin tsoron tagulla.

Irin wannan zarto yana da ƙarfe da aka naɗe a gadon bayansa don kada ya lanƙwashe. Ƙarfen nan shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma iyakarsa, domin da ya taɓa katako yanka ta tsaya. Auna zurfin ruwan zarton kafin ka biya kuɗi. Ka kuma lura ko yana ci ne in an ja ko in an tura. Na Japan irin su dozuki suna ci ne a ja, kuma su na fi so a tafiya: jan yana miƙar da ƙarfen, ba ya buƙatar ƙarfin hannu, kuma teburin masauki da ke girgiza ba ya ɓata maka layi.

Abokin tafiyarsa shi ne ɗan akwatin alminiyam mai tsagogi na kusurwa 90 da 45. Tsawonsa bai fi tafin hannu ba. Ka kwantar da sandar katako a ciki, ka danne da babban yatsa, zarton ya bi tsagar. Ɓangarori huɗu na firam ɗin taga za su haɗu ba tare da ka goge ko ɗaya ba. Sai dai ka tabbatar ruwan zartonka ya kai gindin akwatin, don ba kowane ne ke kaiwa ba.

Na biyu da ba na bari a gida shi ne zarton maƙeran zinariya da azurfa, mai firam da ruwa siriri kamar zare. Da shi ake fitar da bakan ƙofa da duk wani lanƙwasa. Ana ɗaura ruwan haƙora na kallon mariƙi, a ɗame shi har in ka taɓa da farce ya yi ƙara siririya, sannan a shafa masa kakin zuma. Yana karyewa, ko a hannun gwani, shi ya sa ake sayar da shi dozin-dozin. Masu haɗa jiragen roba na 1:72 kuma suna da nasu: kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka yana yin wasu 'yan zartuna da kaurinsu bai wuce milimita 0.15 ba, ana maƙala su a mariƙin wuƙa.

To na lantarki fa? Proxxon KS 230 na Jamus inji ne mai kyau, yana yanka katako har kaurin milimita 8, amma nauyinsa ya kusa kilo biyu, yana da ƙara, yana watsa gari, kuma wutar 230 yake sha, alhali ta Amurka 120 ce. Maƙwabcinka na ɗaki yana da haƙƙin barci. A bar shi a gida ya jira babban aiki.

Maganar jirgin sama kuma ba ta son gardama. Hukumar tsaron sufuri ta Amurka ba ta yarda zarto ya shiga jakar hannu ba, sai akwatin da ake aunawa a tura ciki, kuma ni haka nake yi a kowane filin jirgi. Rufe haƙoran da kwali mai kauri ka ɗaure da robar kuɗi, don kada su yanki ma'aikacin da zai buɗe kayan, kada kuma su dakushe. In tafiyar ta bakin teku ce irin Legas ko Kwatano, shafa ɗan man keken ɗinki a ruwan zarton, domin danshin can yana saurin sa tsatsa a ƙarfe mai siranta haka.