Kwanaki 54 na sauya inshorar Medicare: ƙofar shiga a buɗe, ta komawa a tsuke

Daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba na kowace shekara, gwamnatin Amurka na bai wa sama da mutum miliyan 65 da ke ƙarƙashin shirin Medicare damar sauya tsarin inshorar lafiyarsu. Abin da mutum ya zaɓa cikin waɗannan kwanaki 54 shi zai fara aiki ranar 1 ga Janairu, kuma shi zai tantance likitan da zai gani, asibitin da zai kwanta, da abin da zai fitar daga aljihunsa a kantin magani. A takarda, lokaci ne na zaɓi cikin 'yanci. A aikace kuwa, wasu zaɓuɓɓukan ba a iya warware su cikin sauƙi.

Yadda shirin yake

Shugaba Lyndon Johnson ne ya sanya hannu kan dokar Medicare ranar 30 ga Yuli, 1965, a garin Independence na jihar Missouri, inda tsohon shugaba Harry Truman ya karɓi katin farko. Shirin na 'yan shekara 65 zuwa sama ne, da wasu masu naƙasa, da masu ciwon ƙoda da ya kai matakin ƙarshe.

Sashe na A yana ɗaukar kuɗin kwanciya a asibiti, kuma wanda ya biya harajin shirin daga albashinsa na tsawon shekara goma ba ya biyan kuɗin wata a kansa. Sashe na B na ganin likita ne da gwaje-gwaje, kuma a 2025 mafi yawan mutane sun biya dala 185 a wata. Sashe na D, wanda ya fara aiki a 2006, na magunguna ne. Wanda ke da katin zama na dindindin, ciki har da iyayen 'yan Najeriya ko Ghana da 'ya'yansu suka kai Amurka, yana iya shiga bayan zaman shekara biyar a jere, amma idan shi ko abokin aurensa ba su da waɗancan shekaru goma na haraji, sai ya sayi Sashe na A da kuɗinsa.

Hanyoyi biyu

Hanya ta farko ita ce Medicare na asali, wanda gwamnati ke biyan likitoci da asibitoci kai tsaye. Dattijo na iya zuwa wurin duk likitan da ke karɓar Medicare a faɗin ƙasar. Matsalarsa ita ce, a Sashe na B gwamnati na biyan kashi 80 cikin ɗari ne kawai, saura kashi 20 na kan majinyaci, kuma babu iyaka ga abin da zai iya taruwa a shekara. Shi ya sa mutane da yawa ke sayen ƙarin inshora daga kamfanoni, mai suna Medigap, don toshe wannan giɓi.

Hanya ta biyu ita ce Medicare Advantage. A nan gwamnati na ba kamfani mai zaman kansa, irin su UnitedHealthcare ko Humana, wani adadi duk wata kan kowane mutum, shi kuma kamfanin ya ɗauki nauyin jinyar. Da yawa daga cikin waɗannan tsare-tsare ba sa karɓar ƙarin kuɗin wata, suna haɗawa da kula da haƙori, ido da ji, kuma suna da iyakar abin da mutum zai kashe a shekara. Tun daga 2023, fiye da rabin waɗanda suka cancanta suna wannan hanya.

Sai dai sauƙin yana da farashi. Majinyaci na takaita ne ga likitoci da asibitocin da kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da su, kuma wasu ayyukan jinya sai kamfanin ya amince tukuna. A Afrilun 2022, ofishin Babban Sufeto na Ma'aikatar Lafiya ya gano cewa kashi 13 cikin ɗari na buƙatun amincewar da kamfanoni suka ƙi, a cikin waɗanda ya bincika, sun cika ƙa'idojin Medicare, wato da an biya su a tsarin asali.

Inda gizo ke saƙa

Doka ta ba kowa damar barin Medicare Advantage ya koma na asali a wannan lokaci, ko kuma tsakanin 1 ga Janairu da 31 ga Maris. Abin da ba ta tabbatar masa ba shi ne Medigap. Dokar tarayya ta tilasta wa kamfanoni sayar da Medigap ba tare da duba tarihin lafiyar mutum ba cikin watanni shida na farko bayan ya cika 65 kuma ya shiga Sashe na B. Akwai 'yan keɓantattun yanayi, kamar wanda ya gwada Medicare Advantage karon farko ya fita kafin shekara ta cika. Bayan haka, a mafi yawan jihohi, kamfani na iya ƙin mutum ko ya tsawwala masa farashi saboda ciwon suga, zuciya ko daji. Jihohi ƙalilan, irin su New York da Connecticut, ne suka hana wannan a duk tsawon shekara.

Ma'anar haka ita ce, wanda ya shiga Medicare Advantage yana da ƙoshin lafiya a shekara 65, sannan ciwo ya same shi a 75, yana iya tarar da cewa komawa tsarin asali na nufin ɗaukar kashi 20 na jinya mai tsada shi kaɗai. Lokacin da ya fi buƙatar 'yancin zaɓen likita shi ne lokacin da ƙofar ta fi tsukewa.

Shiru ma zaɓi ne

Wanda bai taɓa komai ba, galibi ana sabunta masa tsarinsa kai tsaye, amma sharuɗɗan ba lallai su zama na bara ba. Kamfanoni na sauya jerin magungunan da suke biya, farashi, da likitocin da ke cikin yarjejeniya. Dole ne su aika takardar sanarwar sauye-sauye kafin ƙarshen Satumba. Duk da haka, wani nazari na cibiyar bincike ta KFF ya nuna kusan bakwai cikin goma na masu Medicare ba su kwatanta tsarinsu da wasu ba a lokacin rajista.

Waɗanda suka nemi shawara kuma sukan faɗa hannun dillalai, waɗanda kamfanonin inshora ne ke biyan su la'ada. A Nuwamban 2022, kwamitin kuɗi na Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Ron Wyden ya fitar da rahoto kan tallace-tallacen yaudara da ake yi wa tsofaffi. Akwai shirin SHIP a kowace jiha, mai ba da shawara kyauta ba tare da sayar da komai ba.

Siyasar da ke ƙasa

Dokar rage hauhawar farashi da Shugaba Joe Biden ya sanya wa hannu a Agustan 2022 ta sauya lissafin Sashe na D. Ta ƙayyade kuɗin insulin a dala 35 a wata, ta sa iyakar dala 2,000 kan abin da mutum zai kashe a magunguna a 2025, ta kuma bai wa gwamnati ikon yin ciniki da kamfanonin magani, inda aka sa Janairun 2026 a matsayin lokacin fara aiki da sabon farashin magunguna goma na farko.

Muhawarar da ta fi zafi ita ce ta kuɗin jama'a. Hukumar MedPAC, mai ba Majalisar Dokoki shawara, ta ƙiyasta cewa a 2024 gwamnati ta biya kamfanonin Medicare Advantage kimanin kashi 22 cikin ɗari fiye da abin da za ta kashe kan mutanen nan a tsarin asali, wato kusan dala biliyan 83. Kamfanonin na jayayya da lissafin, suna nuni da ƙarin hidimomin da suke bayarwa. Masu suka kuwa na cewa wannan rarar ita ke ɗaukar nauyin gilashin ido da wankin haƙorin da ake talla da su, kuma tana ƙara kuɗin wata na Sashe na B a kan kowa, har da dattawan da ba su taɓa barin tsarin asali ba.