SAYEN KUƊIN KIRIFTO A ƁOYE: ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU SANI

Kuɗin kirifto kuɗi ne da ba shi da takarda ko ƙarfe, lissafi ne kawai da ake ajiyewa cikin kwamfutoci masu yawa a sassan duniya. Na farkonsu shi ne Bitcoin, wanda ya fito a 2009. Ana iya gutsura guda ɗaya kashi miliyan 100, shi ya sa mai Naira dubu biyar ma yake iya saye. Akwai kuma USDT, wanda aka ɗaura darajarsa da dalar Amurka.

Yadda cinikin ɓoye ya samo asali

A ranar 5 ga Fabrairu, 2021, Babban Bankin Nijeriya ya umurci bankuna su rufe asusun masu hada-hadar kirifto. Wannan ya sa masu saye suka koma ciniki tsakanin mutum da mutum, wanda ake kira P2P. A misali, ɗalibi a Bosso ko ɗan tireda a Kasuwar Kure ta Minna sai ya sami mai sayarwa a WhatsApp ko Telegram, ya tura masa Naira ko ya ba shi tsaba a hannu, shi kuwa ya zuba masa kirifto a lalitar wayarsa, ba tare da an nemi katin shaidar kowa ba.

Babban Bankin ya janye wancan umurni a Disamba, 2023. A Agusta, 2024, Hukumar Kula da Hannayen Jari, watau SEC, ta ba kamfanonin Busha da Quidax amincewar farko. Dokar Zuba Jari ta 2025 kuma ta sanya kadarorin intanet ƙarƙashin kulawar hukumar. Ke nan uzurin rashin halattacciyar hanya ya kau.

Shin sirrin na gaskiya ne?

Da yawa suna zaton cinikin ba ya barin sawu. Wannan kuskure ne. Littafin lissafin Bitcoin a buɗe yake ga kowa, kuma abin da aka rubuta ciki ba ya goguwa. Sunan mutum ba ya bayyana, amma lambar lalitarsa tana nan. Ranar da aka haɗa lambar da mai ita, duk cinikinsa na baya ya tonu. Wanda kuwa ya biya ta banki, ai ya riga ya bar sunansa da lambar BVN tasa a hanya.

Haɗarin da ke ciki

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Na farko, kirifton da aka tura ba ya dawowa, domin babu manajan da zai soke cinikin. In mai sayarwa ya karɓi Naira ya kashe wayarsa, mai saye bai san sunan da zai kai wa 'yan sanda ba. In kuma shi ne ya zo sayarwa, ana iya cutarsa da alat na bogi.

Na biyu, ba a san asalin kuɗin abokin ciniki ba. Mai yiwuwa na damfara ne, ko na fansar wanda aka sace, masifar da mutanen Jihar Neja suka san ɗacinta. Idan masu bincike suka bi sawun kuɗin har asusun mutum, ana iya rufe shi tukuna kafin a saurari bayaninsa. A Afrilu, 2024, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba Hukumar EFCC izinin rufe asusu fiye da dubu ɗaya domin irin wannan bincike.

Na uku, 'yan zamba suna fakewa da sunan kirifto. Tsarin CBEX, wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ya rushe a Afrilu, 2025, kamar yadda MMM ya tsaya a Disamba, 2016, mutane da dama suka yi asarar jarinsu.

Abin da ya kamata a yi

1. A duba ko kamfani yana cikin jerin waɗanda SEC ta amince da su kafin a ba shi ko kwabo.
2. A yarda a nuna lambar NIN da BVN ga irin wannan kamfani kaɗai. Shaidar da aka nemi mai saye, ita aka nemi mai sayarwa, kuma nan kariyar take.
3. Kada a ba kowa kalmomin sirri na lalita, ko aron asusun banki.
4. Kada a je haɗuwa da baƙo da tsabar kuɗi a keɓaɓɓen wuri.
5. Kada a sa kuɗin makaranta ko jarin sana'a, domin farashin yana hawa da sauka ba zato.
6. A ajiye rasit, kuma wanda aka cuta ya gaggauta sanar da bankinsa da 'yan sanda ko EFCC.

Ƙanƙantar kuɗi ba ta hana asara, kuma ba ta hana bincike. Ana roƙon iyaye da malamai da shugabannin kasuwa su isar da wannan bayani ga matasa. Rigakafi ya fi magani.