Alƙalin Binciken Mutuwa: Abin da Ake Faɗa da Abin da Ya Tabbata

Duk wanda ya saba zaman makoki a cikin garin Bauchi, a Jahun ne ko Wunti ko Nasarawa, ya san cewa idan mutuwa ta zo ta fuju'a, irin wadda mutum zai kwanta lafiya a wayi gari babu shi, ko a tsamo shi daga ruwan Gubi, ko a aiko wa dangi daga caji ofis a ce su zo su ɗauki nasu, to, da zarar wani ya ambaci bincike sai ka ga dattawa sun ɗaure fuska, a ce kwana ne ya ƙare, an bar wa Allah, kada a bari hukuma ta taɓa gawa. Daga nan sai maganganu su ɓarke: wai likita ne ke yanke hukunci, wai duk wanda ya cika a asibiti sai an feɗe shi, wai ana kwashe ƙoda a sayar, wai addini ya hana ɗungurungum. Tun da yake cikin waɗannan zantuka akwai ƙarya tsagwaronta, akwai kuma mai ƙamshin gaskiya, ya kamata a tace su.

Farko dai, mutumin da doka ta ɗora wa nauyin binciken irin wannan mutuwa ba ya riƙe wuƙa, domin alƙali ne, galibi majistare, kuma likitan da ke duba gawa da umurninsa yake aiki, ya rubuto masa rahoto, ya zo ya ba da shaida a gabansa kamar kowane mashaidi. Asalin muƙamin daga Ingila ne, inda aka kafa shi a shekarar 1194, zamanin Sarki Richard na Ɗaya, kuma abin da ya fi damun sarauta a wancan lokaci shi ne tara da dukiyar da za su shiga baitulmali a sanadin kisa. Daga can ya haura Amurka, inda har yau a gundumomi da yawa zaɓensa ake yi da ƙuri'a, kuma ba lalle ne ya karanci likitanci ba, wanda ya sa jihar Massachusetts ta musanya shi da likita tun 1877. Mu kuwa Turawan mulki suka kawo mana shi, dokar 1944 ta shiga kundin dokokin Jihar Arewa na 1963, jihohin da aka yanka daga baya suka gaje ta, har da Bauchi da aka ƙirƙira a 1976.

Zancen cewa kowace gawa ake bincika ba shi da tushe. Tsohon da ya daɗe yana jinya, likita ya san ciwonsa, har rai ya yi halinsa, babu ruwan alƙali da shi. Abin da ya shafe shi shi ne mutuwar da aka yi da ƙarfi ko ta hanyar da ba a saba ba, da ta farat ɗaya wadda ba a san sababinta ba, da kuma, wannan shi ne muhimmi, mutuwar wanda ya cika a gidan yari ko a hannun 'yan sanda, domin wanda hukuma ta kulle, hukuma ce ta ɗauki amanar ransa, bai kuwa dace a bar ta ita kaɗai ta ba da labarin yadda amanar ta salwanta ba. Abu huɗu yake nema ya tabbatar: wane ne mamacin, yaushe ya mutu, a ina, ta yaya. Ba ya ɗaure kowa, ba ya yanke diyya. Da ginin masaukin baƙi na cocin Synagogue ya rufta a Ikko ranar 12 ga Satumba, 2014, mutum 116 suka hallaka, yawancinsu 'yan Afirka ta Kudu, Majistare Oyetade Komolafe ya zauna wata da watanni yana sauraron shaidu, a watan Yuli na 2015 ya bayyana cewa lalacewar gini ce sanadi, ya ba da shawarar a gurfanar da masu hannu a ciki; shari'ar laifin kanta kuwa wata kotu dabam ta koma.

Mas'alar addini ita ce ta fi nauyi a zukatan mutanenmu, kuma ba a raina ta. Haƙiƙa an umurce mu da gaggauta sutura, kuma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai, saboda haka alfarmar gawa tabbatacciya ce, babu jayayya. Amma fa wanda ya ce an rufe ƙofa baki ɗaya, ya faɗi abin da malaman fiƙihu ba su faɗa ba. Cikin Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan garin nan tun zamanin Malam Yakubu, an yarda a tsaga cikin mamaci domin a fitar da dukiya mai yawa da ya haɗiye. Idan kuwa har haƙƙin dukiya ya kai a yi haka, mai hankali zai iya auna matsayin haƙƙin jini. Bugu da ƙari, mazhabar Malikiyya ba ta taɓa ɗaukar binciken kisa a matsayin jayayya da ƙaddara ba, shi ya sa ta tanadi babin ƙasama, inda waliyyan jini ke yin rantsuwa hamsin idan akwai alama mai ƙarfi, har ma ta karɓi maganar wanda aka raunata idan ya ambaci mai jininsa kafin ya cika. A wannan zamani Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta ba da fatawa a shekarar 1396 ta Hijira, wato 1976, cewa fiɗar gawa ta halatta domin gano gaskiyar laifi ko gano annoba, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka kuma ta ƙarfafa haka a 1987, bisa sharaɗin larura da tsayawa iyakar buƙata da binne duk abin da aka taɓa.

Me gawa za ta faɗa wanda baki bai faɗa ba? Ɗauki misalin wanda aka samu a ƙone cikin ɗaki. Idan likita ya buɗe maƙogwaro ya tarar da baƙin hayaƙi ya bi hanyar numfashi har cikin huhu, ya san mutumin yana da rai wuta ta kama. Idan kuwa ya tarar da hanyar fes, sai zato ya ƙarfafa cewa an riga an gama da shi, aka cinna wutar don ɓad da sawu. Haka nan akwai wani ɗan siririn ƙashi a ƙarƙashin harshe wanda shaƙewa da hannu kan karya. Sau da yawa ma abin da ake tararwa jini ne ya tsinke a ƙwaƙwalwa saboda hawan jinin da ba a san da shi ba, alhali kuwa a cikin gida an riga an fara yi wa kishiya kallon mai guba, ko wata tsohuwa a unguwa an laƙa mata maita. A ganina nan ne babban amfanin wannan muƙami yake, domin masu tsoronsa suna tuna wulaƙancin matacce, suna mance rayayyen da zai ƙare kwanansa ana nuna shi da baki.

Batun satar ƙoda kuwa, ilmin likita da kansa ya ƙaryata shi: ƙodar da za a dasa wa wani dole a cire ta jini na gudana ko cikin mintoci kaɗan da tsayawarsa, ta gawar da ta kwana a mutuware kuwa ba ta da amfani ga kowa, ga shi kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jikin ɗan Adam. Abin da ke gaskiya shi ne akan yanki 'yan ƙananan tsokoki a kai ɗakin gwaji, kuma an taɓa ƙetare haddi a wata ƙasa, kamar yadda ya bayyana a asibitin yara na Alder Hey da ke Liverpool a 1999, inda aka riƙe gaɓoɓin yara ba da sanin iyaye ba, har Ingila ta yi sabuwar doka a 2004. Don haka dangi suna da hujjar tambayar abin da aka ɗauka da dalilin ɗaukarsa.

Kukan jinkiri da kashe kuɗi shi ne wanda ba a iya musantawa. Fiɗar kanta awa biyu ko uku ce. Abin da ke cinye kwanaki shi ne takardar da ɗan sanda zai cika, ya kai wa majistare ya sa hannu, a nemo likitan wannan fanni, su kuwa ƙalilan ne, sai a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, alhali dangi na zaune a gindin bishiya da likkafani a hannu, an riga an haƙa kabari, la'asar na ƙaratowa, kuma sau da yawa su ake cewa su biya. Shi ya sa akan rubuta takarda a ce an yafe, a karɓi gawa a tafi. Sai dai a sani, yafewar dangi ba ta ɗaure hannun alƙali a doka, yana da ikon ya umurta a tono gawa bayan an binne, kamar yadda aka tono ta mawaƙin nan Mohbad a Ikorodu a watan Satumba na 2023, kwana tara bayan rasuwarsa.

Mutanen Bauchi ba sa buƙatar a kai su nesa kafin su ga abin da rashin binciken fili ke haifarwa. Sojoji sun ɗauke Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa daga gidansa a Ikko ranar 15 ga Janairu, 1966, bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta, aka kawo ta nan aka yi mata sutura. Shekara arba'in da huɗu bayan haka, a 2010, tsohon ministansa Matthew Mbu ya gaya wa 'yan jarida cewa ciwon asma ne ya kashe shi a hannun waɗanda suka kama shi, waɗansu suka yi ca suka ce harbe shi aka yi, aka yi ta musayar rubuce-rubuce a jaridu, kowane ɓangare yana kafa hujja da abin da ya ji ko abin da ya ce ya gani, aka kuma tashi kowa na kan bakansa.