La Boca: Unguwar 'Yan Dako da Ta Haifi Boca Juniors

Duk mai bin ƙwallon ƙafa ya san Boca Juniors, ya kuma ji labarin filinta, La Bombonera. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne filin nan a tsakiyar gidajen mutane yake, cikin wata tsohuwar unguwa ta 'yan dako da ma'aikatan jiragen ruwa a kudancin Buenos Aires, babban birnin Ajantina. Sunanta La Boca, tana bakin kogin Riachuelo, kuma da ƙafa ake jin daɗin zaga ta.

Gidajen ne za su fara ɗaukar idonka: bango shuɗi, taga rawaya, ƙofa ja, matakala kore. Baƙi daga birnin Genoa na Italiya ne suka cika unguwar a ƙarni na 19, suka gina gidajen haya da katako da langa-langa. Kowane iyali ɗaki ɗaya, tsakar gida da banɗaki kuwa na kowa da kowa. Labarin da ake bayarwa shi ne kuɗin fenti ya fi ƙarfinsu, sai su samo ragowar wanda aka shafa wa jirage. In ya ƙare a tsakiyar bango, a ƙarasa da wani launin. Ka duba ƙasa kuma: a wasu layukan an ɗaga hanyar masu tafiya da ƙafa sama sosai, sai ka hau matakala ka sauka, domin ambaliya ta sha cin unguwar.

Gidajen katako, ga cunkoso, gobara ba ta da wuya. Shi ya sa a nan aka kafa rundunar 'yan kwana-kwana na sa-kai ta farko a Ajantina, ranar 2 ga Yuni, 1884. Har yau 2 ga Yuni ce ranar 'yan kwana-kwana na sa-kai a duk ƙasar.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne mai zane Benito Quinquela Martín. A 1890 aka ajiye shi yana jariri a gidan marayu, daga baya wasu masu sayar da gawayi a La Boca suka ɗauke shi riƙo. Ya yi dakon buhunan gawayi a tashar jiragen ruwa kafin zanensa ya karɓu, kuma jirage da hayaƙi da masu dako su ne abin da ya yi ta zanawa har ƙarshen rayuwarsa. Da kuɗi suka zo, bai juya wa unguwar baya ba. Ya ba da fili aka gina makarantar firamare, da gidan adana zane-zane, da asibitin haƙori na yara, da gidan wasan kwaikwayo. Shi da maƙwabtansa ne suka gyara wani tsohon layin dogo da ya zama juji, suka yi wa gidajen gefensa fenti, aka buɗe shi a 1959 da sunan Caminito. Ɗan lungu ne da bai wuce mita 150 ba, amma yau yana cikin wuraren da baƙi suka fi ɗauka a hoto a birnin. Kafin ya rasu a 1977, da hannunsa ya yi wa akwatin gawarsa fenti mai launuka. A ganina, maraya da ya rama wa unguwarsa alheri haka ya fi kowane kofi daraja a tarihin wurin.

Daga Caminito zuwa filin wasa tafiyar 'yan mintuna ce. An buɗe shi ranar 25 ga Mayu, 1940. Siffarsa daban take: ɓangarori uku sun kewaya hawa-hawa, na huɗun kuwa bango ne a miƙe mai ɗakunan kallo, saboda filin da ƙungiyar ta mallaka ya yi kaɗan. Kujerun sun yi tsaye sosai, 'yan kallo kamar a kan 'yan wasa suke. Idan suka fara tsalle tare, simintin da kansa motsi yake yi. Magoya bayan suna cewa ba girgiza ba ce, bugun zuciya ne.

Wasu matasa 'yan asalin Italiya ne suka kafa Boca ranar 3 ga Afrilu, 1905, a dandalin Solís. Shuɗi da rawaya na rigarta, kamar yadda ake faɗa, daga tutar wani jirgin ƙasar Suwidin da ya shigo tashar aka ɗauko su.

Babbar abokiyar hamayyarta fa? River Plate ma a La Boca aka haife ta, a 1901, kafin ta yi ƙaura zuwa arewacin birnin. Gabar ta kai har aka taɓa mayar da tallar Coca-Cola a La Bombonera baƙi da fari, domin ja da fari launin River ne. Wani lokaci abin yakan wuce gona da iri: a 2018 aka jefi motar 'yan wasan Boca da duwatsu, dole aka mayar da karawa ta biyu ta wasan ƙarshe na Copa Libertadores can Madrid, River ta ci 3-1. Abin takaici ne ƙungiyoyi biyu masu tushe ɗaya su kasa kammala wasansu a gida.

Maradona yana ko'ina: a bango, a riguna, a gumakan da ke leƙowa daga benaye. Ya ci wa Boca gasa a 1981, ya dawo a 1995, kuma da rigarta ya buga wasansa na ƙarshe a 1997. Ya mallaki ɗakin kallo nasa a filin. 'Yan Najeriya kuwa ba za su manta ba, da Super Eagles ya kara a wasansa na ƙarshe a gasar kofin duniya, a 1994.

Son ƙungiyar bai tsaya a duniya ba. A 2006 aka keɓe wa magoya bayanta sashe a wata maƙabarta a wajen birnin, akwai kuma akwatunan gawa masu shuɗi da rawaya.

A bakin kogi akwai wata gadar ƙarfe ta 1914 wadda ba a taka ta. Wani dandamali ne rataye a ƙarƙashinta yake tsallakar da mutane da kaya, jirage kuma su wuce ba tare da an tare musu hanya ba. Ta daina aiki a 1960, aka farfaɗo da ita a 2017, irinta kuma 'yan kaɗan ne suka rage a duniya. Kogin kansa ya sha dattin masana'antu har sai da Kotun Ƙoli ta ba da umarnin tsabtace shi a 2008.

La Boca har gobe unguwar talakawa ce, fentin bai canza wannan ba. In Allah ya kai ka, ka je da rana, ka tsaya a layukan da ke tsakanin Caminito da filin, ka sayi wani abu a hannun masu zanen da ke baje kolinsu a bakin hanya, kada kuma ka kuskura ka sa riga mai ja da fari.