Suturar Ɗan Saurayi a Illela: Shawara Ga Iyaye

Wanda duk ya taɓa cin kasuwar Illela ran Lahadi ya san ba shanu da raƙuma da buhunan albasa kaɗai a ke ciniki a cikinta ba. In ka ratsa ta wajen 'yan yadi da 'yan gwanjo, za ka tarar da wani ciniki wanda ya fi na dabbobi wuyar ƙullawa, watau cinikin uba da ɗansa. Uba ya ɗaga farin yadi yana yaba kaurinsa, yaro kuwa ya kau da kai yana kallon wandon jins da ke rataye a rumfar gaba. Mai kaya ya yi shiru yana jiran wanda zai rinjayi wani. Sau da yawa a kan tashi ba a sayi kome ba, uba ya kama hanyar gida da fushi, ɗa ya bi shi a baya yana ƙunƙuni.

Wani malamin makaranta a garin ya ba ni labarin abin da ya same shi. Ya tsuke bakin aljihu wata da watanni, ya ɗinka wa ɗansa mai shekara 15 shadda mai tsada da aiki har ƙirji. Yaro ya sa ta ran Ƙaramar Salla, ya ninke ya ajiye. Da Salla ta zagayo aka ɗauko, sai ga wando ya ɗage, hannun riga ya tsaya a sangali. Duk tsawon shekaran nan kuwa yaron da rigar 'yan ƙwallo ya ke yawo, ita ma ta abokinsa ce. Malamin ya ce mini, "Ashe akwati na yi wa ɗinki, ba ɗana ba."

Sutura iri uku

Kuskuren malamin nan shi ne kuskuren yawancinmu, masu koyarwa da akawuna da sauran masu cin albashi. Mun ɗauka sutura iri biyu ce, alhali kuwa uku ce. Akwai manyan kaya, na Idi da ɗaurin aure. Akwai kayan wasa da na gona, waɗanda ba a jin ciwo in sun yage. Sa'an nan akwai na tsakiya, waɗanda yaro zai sa ya tafi gaishe da kawunsa a Gwadabawa, ko ya raka ubansa ofis, ko ya je karɓar sakamakon jarrabawa a Sakkwato, ko ya zauna cikin tsararrakinsa da la'asar ba tare da ya ji kunya ba. Waɗannan na tsakiya su ne a ke sawa kwana shida cikin bakwai, amma su ne aka fi mancewa da su wajen kasafin kuɗi.

Yaron da ya kai shekara 13 zuwa 17 ya wuce a zaɓa masa kome kamar jariri, bai kuwa kai ya tufatar da kansa ba. Idon mutane yana yi masa nauyi fiye da yadda babba ya ke zato. In gida ba ta ba shi abin da zai fita da shi da mutunci ba, zai nema a waje, ko ta aro, ko ta bashi, ko ta wata hanya. A garin kan iyaka kuwa hanyar ba ta da nisa. Malamai sun san yara nawa suka fara yanke zuwa makaranta don su yi dakon kaya a kan babur ta ɓarauniyar hanya, ba don yunwa ba, sai don su sami na sayen riga da takalmi irin na abokai. Saboda haka maganar tufafi ba maganar ado kaɗai ba ce.

Abin da iyaka ta kawo

Illela tana kimanin mil 50 arewa da Sakkwato, ita da Birnin Ƙonni kuwa ɗan taƙi ne tsakaninsu. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, sai layin da Ingila da Faransa suka ja, aka kafa alamunsa tsakanin 1906 da 1908. Tun kafin layin nan ƙasar Hausa ta shahara da tufa. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. A 1957, zamanin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, masaƙar zamani ta farko ta fara aiki a Kakuri, Kaduna, waɗansu suka biyo bayanta. Ita ta farkon ta tsaya a 2002, yawancin sauran kuma suka rufe cikin shekarun da suka biyo. Yau mafi yawan yadin da ke zuwa daga Kantin Kwari ta Kano ɗan ƙasar Sin ne, shadda mafi tsada kuma, Getzner, daga Ostiriya ta ke.

Abin da ya shafi iyaka kuwa nan da nan ya kan shafi kuɗin riga. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, aka buɗe ta Illela a Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris 2024. Darajar naira kuma ta faɗi ƙwarai a gaban sefa daga 2023, har kayan Ƙonni da a da a ke yi wa kallon masu araha suka koma masu tsada. Darasin da ke ciki ga mai albashi shi ne, kada ya jira azumi ya yi nisa sa'an nan ya shiga kasuwa, lokacin da yadi ya hau, tela kuma ba ya ɗaga kai. Saye da ɗinki bayan Salla sun fi sauƙi, aiki kuma ya fi kyau.

Yadi da awo

Farkon abin dubawa shi ne yadi. Zafin Illela a watan Afrilu da Mayu ya kan wuce awo 40, yadin roba kuwa ba ya shan gumi, sai ya riƙe zafi da wari. Auduga ita ce ta dace da ƙasarmu, ko wadda aka gauraya da roba kaɗan don kada ta yawaita yamutsewa. In mai kaya ya rantse auduga ce, to, ga gwaji mai sauƙi. A zare zare ɗaya a kusantar da shi ga ashana. Auduga ta kan ci wuta da ƙauri irin na takarda, ta bar toka mai laushi. Roba kuwa narkewa ta ke yi, ta dunƙule ta yi tauri. A kuma wanke auduga kafin a kai wa tela, gama ta kan tsuke a wankin farko.

Na biyu awo. A shekarar da yaro ya ke tsakiyar girma ya kan ƙara inci 3 ko 4 na tsawo. Waɗansu iyaye don gudun hasara sai su sa a yi masa ɗinki burum kamar buhu, yaro ya ƙi sawa, a yi hasarar duka. Dabarar ita ce a yi awo daidai jiki, amma a ce wa tela ya bar inci biyu a kalmashe a ƙafar wando da bakin hannu, in yaro ya ƙara tsawo a warware. Yadi 4 ya kan isa jamfa ko kaftani da wando ga yawancin samari. Kada aiki ya yi yawa. Ɗan siririn zare a wuya da aljihu ya wadatar, kuɗin da za a kashe wa surfani kuwa gara a ƙara a yi ɗinki na biyu.

Launi ma abin lura ne. Fari fat ba ya jimre ƙurar hanyar Illela, balle lokacin hunturu. Baƙi kuwa yana jan rana. Ruwan toka, da ruwan ƙasa, da shuɗi mai haske, da ruwan madara, su ke ɓoye ƙura, kuma kowane cikinsu yana shiga da kowace hula.

Ƙananan kaya

Waɗansu iyaye ko sunan wandon jins ba su son ji. Amma zamani riga ne. Wandon nan asalinsa na leburori ne a Amurka, an yi masa rajista a 1873 saboda ƙwarinsa, kuma har yanzu ƙwarin nan yana nan. Illar ba ta ga wando, tana ga irin wanda aka zaɓa. Wanda aka yayyaga da gangan, da wanda ya matse jiki, da wanda a ke saukewa ƙasa da ƙugu, duk ba su dace da ɗan mutunci ba. Ma'aunin kuwa yana hannunmu tun dā: al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa ce, tufar da yaro ba zai yi ruku'u da sujada da ita cikin sutura ba, ba tufar fita ba ce. Wando mai duhu marar yaga, da shat mai kwala wadda ta sauko ta rufe ƙugu, an wanke an goge, ba malamin da zai ga yaro da su ya kau da kai.

Sai a yi hattara da rubutu. Riguna da yawa na gwanjo suna ɗauke da Turanci ko Faransanci a ƙirji, wani tallan giya ne, wani batsa ce, yaro yana yawo da ita bai san abin da ya ɗauka ba. Wannan aikin malamai ne da akawuna, tun da Allah ya hore musu karatu: a karanta kafin a biya. Shi kansa gwanjo yana cikin kayan da dokar kwastan ta hana shigowa da su Nijeriya, ko da ya ke ba kasuwar da babu shi, don haka kada uba ya aiki ɗansa ƙetare ya ɗauko. Wanda ya saya a kasuwa kuwa ya duba wuya da hammata da zif, ya wanke da sabulu, ya shanya a rana, ya goge da dutse mai zafi kafin a sa.

Hula da takalmi su ke cika ado. Kube ko Zanna Bukar guda ɗaya mai launi natsattse ta isa ɗinki uku. Takalmi kuwa, ƙasar da jar akuyarta ta yi suna a duniya saboda kyan fata ba ta rasa dukawa ba. Takalmin fata mai kyau ɗaya, da sau-ciki ko kambas ɗaya, sun fi silifas biyar masu tsinkewa a hanya. Araha ba ta ado.

A tafi da shi kasuwa

In aka haɗa lissafi, ɗinki biyu na yadi, da wando biyu, da shat uku, da hula, da takalma biyu, da rigar sanyi ɗaya saboda Disamba da Janairu, sun fitar da yaro shekara cikin rufin asiri. Amma duk wannan ba zai yi amfani ba in an saya a bayan idonsa. Uba ya faɗa masa iyakar kuɗin da ke akwai, ya shata masa abin da ba za a ƙetare ba, sa'an nan ya bar shi ya zaɓi launi da fasali. Ya koya masa taya kaya, da wanki da guga da hannunsa, gama wanda ya san wahalar guga ba ya zama a ƙasa da sabon ɗinki.

Malamin nan da na ambata haka ya yi da shekara ta kewayo. Ya ce wa ɗan, "Ga abin da ke hannuna, kai za ka sa, zaɓi." Yaro ya duba ya duba, ya ce, "Baba, a bar shaddar bana, a yi mini yadi biyu da wando ɗaya." Aka yi hakanan, har canji ya ragu aka sayi hula. Rigar aro kuma aka mayar wa mai ita, dā ma kayan aro ba ya rufe katara. Allah ya shirya mana zuriya, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.